Kyamarar da Za Ka Kai Rijiyar Gawo

Daga mahaifinka, Idi Tela, a Belbeji, zuwa ga ɗana Haruna, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ka a bisa ƙasa, ya tsare ka a ƙarƙashinta. Innarka tana gaishe ka. Sauran labarin gida ka bar shi sai mun haɗu, ba shi ya sa na tsayar da keken ɗinki da rana tsaka na ɗauki alƙalami ba.

Saƙonka ya iso ta bakin direban motar kasuwa. Abu biyu ya faɗa mini. Na farko, ka gama koyon ginin rijiya, ma'aikatar ruwa ta tura ka arewa da Tenhiya ka gyara rijiyar Gawo, wadda cikinta ya zube. Na biyu, kana son ka sayi ƙaramar kyamara irin ta aljihu kafin ka tashi, kana tambayar wace iri ce ta ƙwarai, tunda na taɓa riƙe irinta. Yana faɗa yana dariya, wai ɗan tela ya zama ma'aikaci har da neman abin ɗaukar hoto. Ni kuwa da na ji sunan Gawo sai na kasa gama wuyan rigar da ke hannuna.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. A Gawo ba inji ke saukar da mutum cikin rijiya ba, igiya ce da raƙumi. Mai jan akalar raƙumin nan wani ne Ilyasu, ɗan Bila makiyayi. Shi Bila hannunsa na dama a rijiyar nan ya mutu, kuma kyamarata ce sanadi. Ranka zai rataya a igiyar da ke hannun mutanen da na cuta. Wannan ce maganar, saboda haka ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Amma kyamara ka tambaye ni, bari in fara da ita, don ta nan ɓarnar ta shigo.

Ta farko na saye ta bayan farin nan na farko, lokacin da mutane suka fara murmurewa, aka koma ɗinka sabuwar riga. Wani direba ne ya zo da ita daga Libiya. 'Yar siririya ce, doguwa kamar sandar sabulu, baƙa da bakin azurfa. Ya zaro ta daga aljihu a gaban shagona, mutane suka taru. Ban tambaye shi komai ba, Haruna, ko kalma ɗaya. Ƙyallinta na gani, na kuma ga idon mutane a kaina, na ce ta zama tawa. Fim ɗin da ta zo da shi ya ƙare ranar wata Sallah. Na aika Tanut, babu irinsa. Na aika Damagaram, masu hoto suka juya ta suka juya, suka ce irin fim ɗinta a rufe yake zuwa cikin wani ɗan gida nasa, sai dai a gwada Kano. Wanda na ɗauka ma da ƙyar aka sami mai wanke shi. Haka ta zauna a kan kantar shago tana shan ƙura, 'yan uwanka mata suna yi wa 'yar tsana mota da ita.

To, ka ji. Kafin ka dubi kyamara, ka tambayi abincinta. Ka shiga shagon mai wanke hoto, ba shagon mai sayarwa ba, ka ce masa wane fim ne ba ya yankewa a garin nan. Abin da ya nuna maka, ka nemi wadda take cinsa. Batir ma haka: in ba irin ƙananan nan na rediyo da ake samu a tebur ɗin kowace kasuwar daji ba ne, ka ajiye ta komai kyanta. A Tenhiya ba wanda zai sayar maka da batir mai siffar maɓallin riga. Kuma ka duba idonta. Ka nemi wadda take da murfi mai zamewa ya rufe gilashin. Tawa a buɗe take, rairayi ya hau, na sa gefen rigata na goge da ƙarfi kamar mai goge kwano, na kankare ta da hannuna.

Mai hankali da ya tsaya nan. Ubanka bai tsaya ba. Innarka takan ce keke ne ke ciyar da mu, kyamara kuwa ita ke cin mu, ni kuma in ce mata ba ta san zamani ba. Gab da fari na biyu, kana makaranta a Damagaram, na je Kano saro yadi, na dawo da wata. Wannan kam fim ɗinta na kowa ne, na koyi darasin farko. Mai shagon wani ɗan gayu ne mai bakin zuma. Ya ce mini, "Alhaji, wannan ba ruwanka da komai. Ita ke tunani da kanta. Ka danna kawai." Ban je Makka ba, amma Alhajin nan ya yi mini daɗi, kuma zancen abin da ke tunani da kansa ya fi shi daɗi.

Na dawo na shiga ɗaukar masu ɗinki. Duk wanda na gama wa riga sai ya sa, ya tsaya jikin bangon shago, ya ƙame kamar soja, in danna. Da fim ya kusa cika sai ɗoki ya kama ni. Na zauna a inuwar shago, mutanen suna kewaye da ni, na ce bari mu leƙa mu ga yadda suka fito. Na buɗe bayanta, na jawo fim ɗin na ɗaga shi sama. Ba kowa a ciki. Na mayar na rufe, na ce wataƙila bai nuna ba tukuna, kamar tuwo. Da na kai wa mai wanki a Damagaram ya saurari labarina, sai da ya riƙe ciki. Ya ce, "Baba Tela, ai ka kashe su duka. Haske shi ne ajalin fim." Na daɗe ina kauce wa masu rigunan nan a kasuwa.

Saboda haka ka zaɓi wadda bayanta ke kullewa da kyau, wadda ba za ta buɗe don ta gogi jaka a kan raƙumi ba. Ka sa mai shago ya ɗora fim a gabanka, ya cire a gabanka, sannan kai ka yi a gabansa. Kada ka ji kunyar tambaya. Ni kunyar a ce ban sani ba ita ta riƙa jefa ni rami, ga shi kuwa duk garin nan an san ban sani ɗin ba. Kada ka bar kyamarar a rana, kada ka bar ta a gaban mota. Ka ɗinka mata jaka, ko ka bari in ɗinka maka, wannan dai na iya.

Waɗannan duka abin dariya ne, kuma an yi mini ita har an gaji. Abin da ke tafe ba wanda ya yi dariya.

Kyamarar nan tana da wata 'yar taga a goshi, mai ƙyafta wuta, wadda muke ce wa walƙiya. Ban taɓa ganin ta ƙyafta ba, don kullum da rana tsaka nake ɗauka. Ashe tunanin da ɗan gayun nan ya ce tana yi ke nan: in ta ga haske ya ragu sai ta kunna abinta, ba ta shawara da kowa. Ba ta da wurin kashewa. Ban sani ba, don ban tambaya ba.

Da bazara na kai wa makiyayan Gawo ɗinkinsu. Na tarar ana yasar rijiya. Kai yanzu ka fi ni sanin rijiyoyin ƙasar nan ta Damargu, in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da jira kafin ka ji ta taɓa ruwa. Bila ne a ciki. Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai ƙarancin magana, duk yankin shi ake kira in rijiya ta cika da yashi. An gicciye gungume a bakin rijiyar, igiya tana gudu a kansa, ɗaya bakinta a ɗaure jikin raƙumi. In za a fito da mutum, a hankali ake jan raƙumin yana nisa, taku bayan taku. Ɗansa Ilyasu ne riƙe da akala, lokacin gemu bai gama fito masa ba.

Rana ta yi ƙasa, Bila ya girgiza igiya alamar a ja shi. Raƙumin yana nan dab da bakin rijiya, ya fara takawa. Ni kuwa ina gefe da abata a aljihu. Na ga saurayi da rawani, ga amale fari, ga jan rana a bayansu, na ce wannan in na manna shi a shago kowa sai ya tsaya. Ban tambayi kowa ba. Na matsa har ina jin numfashin raƙumin, na ɗaga, na danna.

Wutar ta faɗa masa cikin ido. Ya yi wani irin kuka, ya ɗaga gaba, ya fizge akala, Ilyasu ya faɗi da fuska. Raƙumi ya zura da gudu. Har yau in na taka keke da sauri nakan ji ƙarar igiyar nan a kan gungume. Daga cikin rijiya kuma muna jin mutum yana bugun bango, dama da hagu, yana tahowa. Mata suka sa salati. Bila ya fito kamar an harbo shi, kafaɗarsa ta daki gungumen, hannunsa ya shige tsakanin igiya da ice. Maza suka faɗa kansa suka rungume shi, wani ya sa wuƙa ya yanke igiyar. Da wuƙar nan ta riga hannuwansu, da ƙasan rijiya ya koma. Ni ina tsaye da kyamara a hannu.

Ya rayu, amma hannun bai sake ɗaguwa ba. Dattawa suka zauna, aka yanka mini abin da zan bayar, na bayar. Bila yana kwance ya ce ƙaddara ce. Na riƙe kalmar nan da hannu biyu na gudo gida. Ku kuma na ce muku raƙumi ne ya firgita a Gawo, ban faɗi abin da ya firgita shi ba. Kyamarar na farfasa ta da dutse a hanya, kamar ita ce mai laifin.

Yanzu ka saurare ni da kunnen basira. Duk kyamarar da za ka saya, ka fara neman inda ake kashe walƙiyarta. Ka sa mai shago ya kai ka lungu mai duhu, ka kashe, ka danna, ka gani da idonka ba ta ƙyafta ba. In ya ce maka ita ke tunani da kanta, ka ajiye masa abarsa ka fita, ko kyauta ya ba ka. Gara ma wadda ba ta da walƙiyar sam. Hasken Allah ya ishe ka a daji. Kada ka ɗaga ta gaban dabbar da ke ɗaure da igiya. Kada ka ɗaga ta gaban mutum sai ka tambaye shi, mutanen arewa ba kowa ke son a kama fuskarsa ba, matansu kuwa ko tambayar kada ka yi sai mazansu sun fara kawo zancen. In akwai rai a cikin rijiya, kyamara tana cikin jaka, jaka tana cikin bukka. Ko shef ɗinku ne, wato shugaban aikinku, ya ce ka ɗauko masa hoton aiki, ka ce sai an fito.

Akwai kuskure na ƙarshe, kuma ya fi na walƙiya muni, don ita sau ɗaya ta ƙyafta, shi kuwa kullum nake sabunta shi. Ban sake komawa Gawo ba. Ban je na duba Bila ba. In mutanensa suka shigo kasuwar Belbeji sai in duƙa kan keke kamar zare ya sarƙe. Na ce ai na biya, magana ta ƙare. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Da saƙonka ya zo innarka ta sa kuka. Ta ce in tashi in je Damagaram in roƙi shef ɗinku ya canza maka wuri. Na kusa yi. Amma na ga in na yi haka gudun nan ne dai zan gadar maka. Sai na rufe shago, na hau motar Tanut, daga nan na sami ta Tenhiya, sauran hanyar a kan jakin aro. Zuwa da kai ya fi aike.

Na same su da hantsi. Rijiyar tana nan, ɗan ruwan da ake samu duk laka ne, dabbobi sun yi cirko-cirko suna jira. Bila ya tsufa. Yana zaune gindin gawon da rijiyar ta ci sunansa, hannun yana kwance a cinyarsa, ya ƙanƙance. Na yi sallama ya amsa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Tela ne?"

Na ce, "Ni ne, Malam Bila."

Ya sa aka kawo mini nono. Na kasa sha. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni, na ce mai ginin da ma'aikata za ta aiko ɗana ne na cikina. Ya ce sun riga sun ji. Sannan ya ce, "Don ɗanka ka san hanyar Gawo. Don hannuna ba ka san ta ba."

Haruna, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Gaskiya ya faɗa.

Ilyasu yana gefe yana tufka igiya. Ya zama babban mutum, faɗin kafaɗarsa irin ta ubansa a da. Bai amsa sallamata ba. Can sai ya yi magana, bai ɗago kai ba. Ya ce, "Kai ka biya ka tafi. Ni aka bari a nan. Duk rijiyar da na je sai a ce ga wanda ya saki akala ubansa na ciki."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba, wallahi, ko sau ɗaya. Na miƙe tsaye, na ɗaga murya yadda masu shayar da dabbobi za su ji, na ce babu hannun da zai riƙe raƙumin nan a ranar nan, ni na watsa masa wuta a ido, laifin nawa ne ni kaɗai. Mutane suka tsaya suna kallona. Ilyasu ya ci gaba da tufkarsa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce na ga cikin zuciyarsa ba. Ban ce mugu ne ba, kowa yana shaidarsa da tsoron Allah. Amma mai jan akala ba sai ya yi mugunta ba. Ya isa ransa ya ɓaci, hankalinsa ya tafi wani wuri na ɗan lokaci.

Na roƙi Bila a sa wani ya ja raƙumin. Ya ce a'a. Ya ce raƙumin nan ba ya bin kowa sai Ilyasu, kuma in aka karɓe masa akala a gaban jama'a an tabbatar da abin da ake faɗa a kansa ke nan. Na ce to ko in hana ka zuwa. Ya nuna mini dabbobin da haɓarsa, ya ce, "Dube su. In ɗanka bai zo ba, kafin a aiko wani mun tashi daga nan, rabinsu kuma ba za su kai wata rijiya ba."

Sannan ya faɗi sharaɗinsa. Ya ce, "Ɗanka zai sauka. Ilyasu zai ja. Ni zan zauna bakin rijiya, idona a kan igiya, ba wanda zai matso kusa da raƙumi. Kai ma za ka zo, Tela. Za ka zauna kusa da ni tun saukarsa har fitowarsa. Matata ta ji abin da ake ji a bakin rijiyar nan, Ilyasu ya ji. Kai ne ba ka ji ba."

Na ce na yarda.

To, ga shi na kwance maka komai. Kai za ka sauka, ba ni ba, saboda haka in ka ga ba za ka iya ba, ba wanda zai ce ka yi rashin kunya, ni zan je in faɗa musu da bakina. Amma na san halinka, kafiyar nan a wurina ka ɗauko ta. In za ka je, ka sauka Gawo da rana, ka fara zuwa gindin gawon ka durƙusa ka gai da Bila kamar yadda kake gaishe ni. Ka faɗi sunanka da sunan ubanka, kada ka jira a tambaye ka. Ka nemi Ilyasu ka ba shi hannu, in bai karɓa ba kada ka yi fushi, ba da kai yake ba. Ka ci abin da suka ba ka. Ka duba igiya da kanka, kamu bayan kamu, a gabansa, sannan ka ce masa shi ma ya duba ƙullin da ke ƙugunka. Kyamarar kuwa kada ta fito daga jaka sai aiki ya ƙare, sai kuma su da kansu sun ce ka ɗauke su.

Ka aiko mini da ranar tashinku ta bakin direban nan, zan riga ka isa. Ina jin tsoro, ɗana. Ban taɓa faɗa maka haka ba, yau na faɗa. Tun da na dawo innarka ta daina yi mini magana sai da ido. Amma zan zo in zauna inda aka ce in zauna. Ranar da za ka sauka, in ka kai ƙasa ka ɗaga kai, za ka ga kawuna biyu a bakin rijiya. Ɗaya na mutumin da ya san abin da ke ciki ne, ɗayan na ubanka ne, kuma ba zai tashi ba sai ka fito.

Allah ya saukar da kai lafiya, ya fito da kai lafiya. Allah ya ƙarfafa igiya, ya sanyaya zuciyar mai jan ta, ya kwantar da hankalin dabba. Allah ya sa ruwan da za ka buɗe ya zama sanadin shiri tsakaninmu da mutanen Gawo. Na bar ka a hannun wanda amanarsa ba ta ɓata.

Wassalam. Mahaifinka, Idi.